Amsa ga mai son zaga kasuwannin tsaunukan Andes a jirgin ƙasa

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka, ka ce kai ɗan kasuwa ne mai harkar yadi, kana da sati biyu kai da Hajiya, kuna son zuwa ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka ku riƙa hawa jirgin ƙasa gari zuwa gari kuna cin kasuwannin ƙauyukan kan dutse, shine kake tambaya ko hakan zai yiwu, ta ina za a fara, kuma me ya kamata ku kiyaye. Toh ni aikin binciken dankalin turawa ne ya kai ni can, na zauna a birnin Kusko na zauna a kwarin Mantaro, duk a kan tsaunukan Andes, ba sau ɗaya ba, kuma rabin aikina a kasuwa na yi shi saboda a can ake ganin irin da manoma ke riƙe da shi, don haka zan faɗa maka abinda na gani da idona.

Zai yiwu, amma ba yadda ka tsara ba. Kai ka ɗauka jirgin can kamar na Kaduna zuwa Abuja ne, ka sayi tikiti yau ka hau tare da 'yan kasuwa da ɗalibai, ka sauka inda ka ga dama. A'a. Layukan jirgin ƙasa na Peru guntu-guntu ne, basu haɗe da juna ba, yawancinsu ma don ɗaukar ma'adinai da ulu aka shimfiɗa su daga kan dutse zuwa bakin teku, kuma na fasinja da suka rage kusan duk na 'yan yawon buɗe ido ne masu tsada. Babu jirgin ƙasa daga Lima, babban birnin ƙasar, zuwa Kusko, wannan ka sa a ranka tun yanzu, jirgin sama ake hawa wajen awa ɗaya da rabi ko kuma mota ta kusan kwana guda. Mutanen da ke cin kasuwa kuwa a ƙananan bas da akori-kura suke zuwa, wasu ma a ƙafa da kaya goye a baya. Saboda haka shawarata ka juya tsarin, ka fara rubuta ranakun kasuwa a takarda tukunna, sannan ka nemi inda jirgi zai shiga tsakani. Kamar wanda zai zo ganin kasuwar Wudil ne, in bai zo ran Juma'a ba ai bai ga komai ba komai kyan motar da ta kawo shi. Can yawancin manyan kasuwannin ran Lahadi suke ci, a sati biyu kuwa Lahadi biyu kacal gareka, ka ga kenan su ne jarinka.

Kafin kasuwa bari in yi maganar lafiya don ita ce tafi damuna. Kusko tana kan tudun kusan mita 3,400 sama da teku. Jos da muke cewa tudu wajen mita 1,200 ne, dutsen da yafi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419 ne, wato kusan daidai da Machu Pichu, kufan tsohon birnin kan dutse da baƙi ke tururuwar gani, mai mita 2,430, wadda a can ita ake ɗauka ƙasa-ƙasa. A Kusko duk numfashin da ka ja kusan kashi biyu bisa uku kawai kake samu na iskar da ka saba samu, shi yasa baƙo ke fama da ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, haki daga hawa bene ɗaya, su suna kiransa soroche. Ba ruwansa da ƙarfinka ko ƙuruciyarka. Dan Allah Alhaji kai da Hajiya ku yi gwajin jini na genotype, wato AA, AS ko SS, kafin ku sayi tikiti, mai sikila bai kamata ya hau irin wannan tudun ba sai da izinin likitansa, kuma ko mai AS wanda a gida lafiyarsa ƙalau, a can saifarsa na iya samun matsala saboda ƙarancin iska. Akwai wani abokin aikinmu ɗan Afirka ta Yamma, mutum kakkarfa, kwana biyu da hawanmu ya fara riƙe cikinsa ta hagu ƙarƙashin haƙarƙari yana gumi cikin sanyin nan, mun ɗauka abinci ne ya ɓata masa ciki, ashe saifa ce, sai da aka sauko da shi Lima cikin gaggawa. Likitocin can basu cika haɗuwa da masu irin jininmu ba, don haka kai ne zaka faɗa musu da bakinka. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, ko in Hajiya na da juna biyu, shima a ga likita tukunna, ka kuma tambaye shi batun maganin acetazolamide da ake fara sha kafin hawa.

Dabarar da muke yi kuwa, kana sauka filin jirgin Kusko kada ka kwana a garin, ka ɗauki mota ka gangara kwarin Urubamba, garin Urubamba ko Ollantaytambo, da bakinsu Oyantaitambo suke cewa, duk basu kai mita 2,900 ba, ka yi kwana biyu a can kana shan ruwa da yawa, abinci kaɗan-kaɗan, tafiya a hankali. Za a miƙo maka shayin ganyen koka, wanda daga shi ake fitar da hodar iblis, a kowane masauki, a can halal ne a doka kuma al'adarsu ce tun kaka da kakanni, amma ka sani yana iya fitowa a gwajin fitsari na ƙwaya, kuma ko ganye ɗaya kada ya shiga jakarka ranar dawowa don a filayen jirgin wasu ƙasashe babban laifi ne. In zuciyarka bata kwanta da shi ba ka ce a baka muña, wani ganye ne mai ƙamshin na'a-na'a, ni shi nafi sha.

Yanzu me yasa kasuwannin nan suka bambanta da na ko'ina. Sirrin tudun ne. A wajenmu sai ka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kudu kafin abin da ƙasa ke bayarwa ya canza daga gero zuwa doya, su kuwa a hawa ɗaya na yini guda komai ya canza. Can ƙoli sama da mita 4,000 masara bata yi, sai kiwon lama da alfaka, dabbobinsu masu ulu dangin raƙumi, da wani dankali mai ɗaci, a tsakiya dankali da wake da kinuwa, wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi, a kwari masara, in ka gangara ɓangaren daji sai koka da barkono da lemo da ayaba da kofi. Babu gidan da ke iya rayuwa da abin da tudunsa kaɗai ke bayarwa, dole na sama ya sauko na ƙasa ya hau, inda suka haɗu nan ne kasuwa. Ni da na fara fahimtar wannan sai ayarin gishirin Bilma ya faɗo min, masu raƙuma su kawo gishiri da dabino su koma da gero, su ma a Bolibiya har kwanan baya ayarin lama na ɗaukar gishiri daga filin gishirin Uyuni zuwa kwaruruka a musanya da masara.

Lahadinka ta farko ka ba Chinchero. Gari ne mai mita 3,760 tsakanin Kusko da Urubamba, daga masaukinka na kwari bai kai awa ɗaya a mota ba, ka je ka yi 'yan awanni ka sauko. Amma ka yi sammako, ƙarfe bakwai kana can, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, kuma ka wuce rumfunan tsaraba ka nufi inda mata ke zaune a ƙasa da kayan gona. A can na taɓa tsayawa kusa da wasu mata biyu, ɗaya dattijuwa mai jar hula faffaɗa kamar faifai da kitso biyu har gadon baya, ta kwance ƙunshin mayafinta ta ɗebo dankali da hannu biyu ta zuba gaban ɗayar, ta sake ɗebowa, ita kuma waccan ta turo mata lemo da barkono da ɗan ganyen koka. Babu wadda ta ɗaga murya, dattijuwar ta kalli kason ta yi shiru bata janye hannunta ba, sai ɗayar ta ƙara lemo ɗaya, shikenan aka naɗe mayafi kowa ta kama gabanta, ko sisi bai gifta ba. Wallahi sai da na tuna Bafulatana da ƙwaryar nono a ƙofar gidanmu ana auna mata gero. Wannan musayar tana raguwa shekara bayan shekara, ga shi ana gina sabon filin jirgin sama a gefen garin, shi yasa nake so ka gani tun tana nan.

Tunda kai mai yadi ne Chinchero gidanka ne, garin masaƙa ne, mata ke saƙar da wata masaƙa da ake ɗaure ƙarshenta ɗaya a ƙugu ɗaya a jikin turke. Ka ce su nuna maka rini. Akwai wani ɗan ƙwaro da ke zama jikin cactus mai ƙaya, zata ɗauko ɗaya fari fat kamar toka ta murje a tafin hannu sai ka ga ja wur kamar jini, ta ɗiga ruwan lemon tsami ya koma ruwan goro, nan take a gabanka. Sai dai ka yi hattara, yawancin abinda ake ce maka ulun jaririn alfaka ne a rumfunan bakin hanya roba ce ta masana'anta ko gauraye. Na gaske in ka ɗora tafin hannu zaka ji shi da ɗan sanyi da nauyi, bashi da ƙyallin nan mai ɗaukar ido, gwajin ƙona zare kuwa ba sai na koya maka ba. Don idonka ya saba da na ƙwarai ka fara leƙa cibiyar saƙar gargajiya da ke titin El Sol a Kusko, wadda wata masaƙiya 'yar Chinchero mai suna Nilda Callañaupa ta jagoranci kafawa a 1996, farashinsu ba ragi amma daga nan ba mai yi maka rufa-ido. Pisac kuma, wadda kowa zai ce maka ka je, kyakkyawan gari ne kuma ran Lahadi mutanen ƙauyukan sama na saukowa, amma kasuwar tsarabar yanzu kullum ce kuma ta baƙi ce, rabin yini ya isheka.

Ciniki a can ba irin namu bane da za a ce dubu goma ka taya uku. A kayan tsaraba ka nemi ragi kaɗan, a kayan abinci kuwa kada ka tsaya ja-in-ja da tsohuwar da ta sauko daga dutse da buhu a baya, abinda ake yi shine ka biya sannan ka ce yapa, wato gyara, gyaran nan dai namu sak, sai ta yi murmushi ta ƙara maka. Mai saye da mai sayarwa kowa na kiran ɗan'uwansa casera ko casero, kamar yadda muke cewa kwastoma. Ka koyi gaisuwa ɗaya da yarensu Kechuwa, allillanchu, wato kana lafiya, amsar allillanmi, zaka ga yadda fuska ke sakewa. Ka riƙe canjin kuɗinsu, sol, ƙanana don babbar takarda wahalar canji take, kuma kada a ɗauki hoton mutum sai an tambaye shi.

Sai jirage. Na farko wanda dole ka hau shine na Machu Pichu, saboda babu titin mota da ya shiga garin da ke gindin dutsen, Aguas Calientes. Kamfani biyu ne, PeruRail da Inca Rail, daga Ollantaytambo tafiyar bata kai awa biyu ba, layin na bin gefen kogin Urubamba, kana zaune zaka ga busasshen dutse yana komawa kurmi. Ƙaramar jaka kawai ake bari ka shiga da ita, manyan akwatuna ka barsu a masauki. Ka sayi tikitin shiga Machu Pichu ɗin tukunna kafin na jirgi don shi ke ƙarewa da wuri, kuma akwai jirgin 'yan gari mai arha amma na 'yan ƙasa ne masu katin shaida, kada wani ya ce zai samo maka.

Na biyu shine wanda zuciyata tafi so in kana da halin kuɗinsa, Kusko zuwa Puno a bakin tafkin Titikaka, wajen awa goma ne kuma ba kullum yake tashi ba. Yana bin kogin Vilcanota yana hawa har La Raya, sama da mita 4,300, a can ake tsayawa 'yan mintuna ga ƙaramar coci ga mata da kayan saƙa ga ƙanƙara a kan duwatsu, sannan ya gangara wani fili shimfiɗaɗɗe mai ciyawa ruwan ƙasa, garken alfaka iya ganinka. Amma abinda ba zan manta ba shine shigarsa garin Juliaca, Huliyaka suke cewa. Layin jirgin ta tsakiyar kasuwa ya ratsa. Direba ya rage gudu kamar tafiyar ƙafa yana ta busa, masu rumfa suna janye tamfol, kayan da aka baza tsakanin ƙarafan layin kuwa ko ɗagawa basa yi, littattafai ne, lemo ne, kusoshi da spana da tsoffin kayan gyaran mota, jirgin ya bi ta samansu. In ka tsaya a taragon ƙarshe mai buɗaɗɗen baya zaka ga kasuwar na rufewa a bayanku kamar ruwa bayan kwalekwale, ko minti ɗaya ba a yi ba an ci gaba da ciniki. In kuɗin jirgin ya yi yawa, mota na yin hanyar a wajen awa bakwai da kuɗi kaɗan, ta La Raya ɗin dai take bi. A Puno ka shiga kwalekwale zuwa tsibirin Taquile, can maza ne ke saƙa hula da kibiya suna tafe suna hira kamar masu ɗinkin hula a zaure.

Na uku shine Lima zuwa Huancayo, Wankayo kenan, babban garin kwarin Mantaro, wanda masana jirgin ƙasa ke ji da shi. An fara gina shi a 1870, injiniyan ɗan Poland ne Ernest Malinowski, ɗan kwangilar Ba'amurke Henry Meiggs, bai isa Huancayo ba sai 1908. Daga bakin teku yake hawa har kusan mita 4,780 a ramin Galera cikin tafiyar da bata kai kilomita 180 ba, ramuka sama da sittin, gadoji sama da hamsin, inda hawan ya yi tsanani kuma sai jirgin ya yi gaba ya tsaya a canza masa layi ya hau da baya, ya sake yin gaba, haka har ya haye. Shi ne mafi tudu a duniya har China ta buɗe layin Tibet a 2006. Leburori da yawa sun mutu a aikin, cikinsu har da 'yan China, musamman da wani zazzaɓi da ya ɓarke a sansanoninsu. Matsalarsa biyu, na fasinja sau ƙalilan yake tashi a shekara don layin na kaya ne, sannan hawa daga teku zuwa wannan tudun a yini ɗaya ba wasa bane, har ma'aikaciyar jinya da tukunyar iska ake tafiya da su. Don haka in ranarsa ta dace da tafiyarku ku sa shi a ƙarshe bayan jiki ya saba, in bata dace ba ku hau jirgin sama zuwa Jauja, wani gari a kwarin, ku ƙarasa Huancayo a mota.

Ko da jirgi ko babu, Lahadinka ta biyu ta Huancayo ce. Kasuwar Lahadi a titin Huancavelica take, rumfuna a jere sai ƙafarka ta gaji, kuma masu sayen yawanci 'yan ƙasa ne. Kowane ƙauye na kwarin Mantaro da sana'arsa, Hualhuas saƙa, San Jerónimo azurfa, Cochas kuwa sassaƙar ƙwarya. Eh, ƙwarya da duma irin namu. Na zauna da wani dattijo a Cochas yana riƙe da ɗan duma bai fi dunƙulen hannu ba, da ƙusa mai kaifi ya zana biki gaba ɗaya a jikinsa, masu kiɗa, masu girbi, shanu, sannan ya ɗauko itace mai garwashi a baki yana hurawa yana gasa wurin da yake so ya yi duhu. Na nuna masa hoton ƙwaryar ɗakin mahaifiyata a waya, ya daɗe yana kallo yana bin zanen da ɗan yatsa.

Abinci kuma a kula. Chicharrón naman alade ne, kuma ana sa kitsensa a wasu burodi da dafaffen ƙullin masara da ake naɗewa a ganye, kalmar da zaka tambaya ita ce manteca. Chicha kala biyu ce, morada mai launin shunayya mai duhu ta masara ce da kayan ƙamshi kamar zoɓo ba giya a ciki, amma de jora burkutu ce, gidan da ka ga an kafa sanda da jar leda a ƙofa ita ake sayarwa. Yankan Musulmi da wuya ka samu a kan dutse, mu kifi muke ci, trucha, ga dafaffiyar masara mai manyan ƙwayoyi da cuku, ga ƙwai da avocado, miyar kinuwa kuma ka tambaya ko da romon nama aka yi. Dankali kuwa dubban iri ne, shuɗi, baƙi, mai zane, ka nemi chuño ka gani, wanda ake shanyawa a daren sanyin Yuni da Yuli ya daskare, a tattake da ƙafa ruwan ya fita, rana ta busar, ya shekara da shekaru a rumbu. Ruwan famfo kada a sha. Masallaci akwai a Lima, a kan dutse sai dai ku yi sallarku a masauki, ku tafi da dadduma.

Ekwado da Bolibiya na bar su don sati biyu ba zai ɗauka ba kuma kowacce da bizarta, in Allah ya sa ka koma, a Ekwado kasuwar Otavalo ran Asabar take ci, Saquisilí da Guamote ran Alhamis, a Bolibiya kuma Tarabuco ta kusa da birnin Sucre ran Lahadi, jiragen ƙasashen biyu kuwa da yawa sun tsaya tun 2020 sai an bincika wanne ya dawo.

Lokacin zuwa daga Mayu zuwa Satumba ne, rani kenan a can, rana mai ƙuna da tsakar yini don Hajiya ta riƙe man kare fata da na leɓe, dare kuma sanyin yafi na tsakiyar hunturunmu nesa ba kusa ba, a watan Janairu zuwa Maris ruwa da zaftarewar ƙasa na tare hanya. Ku yi ƙoƙari ku sauka Kusko ran Alhamis ko Juma'a ku gangara kwari, Lahadi Chinchero, Litinin ko Talata Machu Pichu, sannan ku hau Kusko kwana biyu ku zaga kasuwar San Pedro, jirgin Puno, daga filin jirgin Juliaca ku koma Lima, Asabar ku kwana a Huancayo. Ka bar kwana ɗaya fanko kafin jirgin dawowa gida saboda zanga-zanga kan rufe titi da layin jirgi ba sanarwa. Biza kuwa ka fara nema da wuri, ka duba ko ƙasar da zaku yada zango na buƙatar tata, katin rigakafin cutar shawara kuma ya kasance cikin fasfo. In kun samu sakamakon gwajin jinin ka sanar da ni, in ɗayanku AS ne sai mu cire Puno da Huancayo mu sake lissafin da garuruwan kwari. A gaida Hajiya.